Yadda Ake Tsara wa Tsoho Magungunansa a Gida Don Kada Su Yi Karo da Juna

Da wuya ka shiga ɗakin dattijon da ya haura sittin a nan Damagaram ka tarar da magani iri ɗaya tak. Akwai na tansiyo da aka rubuta masa a babban asibiti, akwai na ciwon gwiwa da ya saya hannun mai talla a Kasuwar Dole, akwai wanda ɗansa ya aiko daga Kano, ga kuma jiƙo a gora ƙarƙashin gado. Wanda ya rubuta na farko bai san da na biyu ba, mai jiƙon kuwa bai san da kowanne ba. Aikin da zan koya maka shi ne ka zama mutum ɗaya da ya ga duk abin da tsohon ke haɗiya, ya rubuta shi a wuri ɗaya, ya kai wa masana su duba. Na yi zaman bayan kanta a farmasi, kuma har yau ni ake kira in tsara wa tsofaffin gidanmu da na maƙwabta, don haka abin da hannuna ya saba zan faɗa.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe kafin mu fara. Ƙoda da hanta su ke fitar da magani daga jiki, kuma da tsufa aikinsu na raguwa, kamar magudanar da yashi ya fara cikewa, ruwa na wucewa amma a hankali. Ƙwayar da saurayi zai sha ta fita kafin dare, a jikin tsoho tana iya kwana, ta gobe ta zo ta tarar da ita. Haka kuma ruwan jikinsa ya ragu, ga shi ba ya jin ƙishirwa da wuri. Shi ya sa mai shan magani iri 5 ko fiye kullum ma'aikatan lafiya ke sa masa ido na musamman.

Kayan aiki

Jaka ɗaya mai zif ko kwalin takalmi mai murfi. Kaye sabo da bik, da maka mai kauri. Karnen asibitin tsohon da duk tsofaffin ordonas da za ka iya samu, har waɗanda suka yi dauɗa. Ƙananan gwangwanaye ko robobi uku masu murfi, busassu ƙarau, waɗanda launinsu ya bambanta. Waya mai ɗaukar hoto. Cokalin awo ko sirinjin da ke zuwa cikin kwalin siro, domin cokalin shayin gida ba ma'auni ba ne. In da hali, na'urar awon tansiyo ta dantse, da ta awon sukari in tsohon na da ciwon sukari. In babu, ba a fasa aikin, CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, na aunawa, farmasi da yawa ma suna yi.

1. Tattaro komai

Kada ka shiga da faɗa ko bincike irin na ɗan sanda. Tsoho in ya ji za a raba shi da ƙwayar da ke sa shi barci, ɓoye ta zai yi. Ka gaishe shi, ka zauna, ka ce: “Baba, Allah ya ƙara lafiya, likita ne ya ce yana son ganin duk abin da kuke sha, har na gargajiya.” In tsohuwa ce, gara ƴarta ko jikarta ta yi, domin akwai abin da Inna ba za ta kwance gaban ɗa namiji ba.

Wuraren dubawa: aljihun babbar riga, ƙarƙashin matashi, cikin hula, bakin zane, saman taga, cikin kwanonin jere, jakar Makka. Ka haɗa da maganin ɗigawa a ido, man shafawa, siro, garin magani, saiwa, da ƙwayoyin “ƙarin jini” da “ƙarin ƙarfi”. Mutane da yawa ba sa lissafa waɗannan cikin magani, to magani ne. Ka tambayi matar gida kuma ko akwai mai zuwa yi masa allura a gida, da sunan abin da ake yi masa.

2. Ware na zubarwa

Shimfiɗa tabarma a inda haske yake, yara su fita. Duba kwanan ƙarewa a jikin kwali da jikin katin ƙwayar. Za ka ga EXP ko PER, sai wata da shekara, misali 03/2026. Wanda ya wuce, gefe. Ƙwayar da ta yi laushi, ta canza launi, ko ta manne da ƴar'uwarta, gefe. Ƙwayoyin da aka ƙulla a leda babu suna, irin haɗin da masu talla ke yi ja da fari da rawaya, su ma gefe, amma kada ka zubar tukuna, ka kai su a gani. Sau da yawa cikin irin wannan haɗin ake samun diclofenac da dexamethasone tare, kuma likita zai so ya sani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kusan 1 cikin 10 na magunguna jabu ne ko marasa inganci. Wanda ya wuni a tire bisa kai cikin ranar Afrilu, ko na gaske ne ya riga ya sha wuya.

Kada a watsa su bisa juji, yara da awaki na nan. Tambayi CSI ko farmasi ko za su karɓa. In ba su karɓa ba, ɓare su, cakuɗa da toka da ɗan ruwa, ƙulle a leda, binne nesa da rijiya.

3. Karanta ƙaramin suna

Kowane kwali na da suna biyu: babba na kamfani, da ƙarami a ƙarƙashinsa wanda shi ne ainihin maganin. Ƙaramin za ka bi. A nan garin abin ya fi rikitarwa, saboda magani na shigo mana ta fuska biyu, na farmasi mai sunan Faransa da na Nijeriya mai wani suna dabam. Doliprane, Efferalgan, Dafalgan da Panadol duk paracetamol ne. Fervex na mura ma akwai paracetamol a ciki. Lasilix da Lasix duk furosemide ne. Bactrim da Septrin abu ɗaya ne. Na sha tarar da tsoho na shan amlodipine, maganin tansiyo, sau biyu, ɗaya daga asibiti ɗaya daga aiken ɗa, yana ganin magunguna biyu ne dabam, sai jiri ya yi ta kayar da shi.

Jera masu ƙaramin suna iri ɗaya wuri guda. Paracetamol shi ne mafi sauƙin maganin ciwo ga tsoho, amma kada ya wuce giram 3 a wuni, giram 1 a lokaci guda, da tazarar awa 6. In tsohon ya rame ƙwarai ko yana da ciwon hanta, miligiram 500 a lokaci guda, kuma a tambayi likita. Masu narkewa a ruwa suna tafasa kuwa gishiri gare su da yawa, ba su dace da mai tansiyo ko mai kumburin ƙafa ba. A saya masa na haɗiya.

4. Rubuta a kaye

Kowane magani layinsa: ƙaramin suna, ƙarfinsa, don wane ciwo, ƙwaya nawa, wane lokaci, wa ya rubuta, tun yaushe. A shafin farko ka sa cututtukansa da duk maganin da ya taɓa sa masa ƙaiƙayi, kumburin fuska ko ƙuraje. Ɗauki hoton shafin ka tura wa ƴan'uwa, musamman masu aiko da magani daga nesa. In ba ka karatun boko, ɗauki hoton kowane kwali gaba da baya, ka sa ɗan lakwal ya kwafe maka.

5. Nemo masu karo

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan daɗe. Ba kai za ka dakatar da abin da likita ya rubuta ba. Aikinka ka ja layi ƙarƙashin abin da ka gano, ka kai.

Na farko, kuma wanda ya fi cin ƙodar tsofaffinmu, shi ne maganin ciwon gaɓoɓi: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, indometacin. Suna kashe ciwon gwiwa, gaskiya ne, shi ya sa tsoho ke ƙaunarsu don ya samu ya yi sujada. Amma suna tayar da tansiyo, suna rage ƙarfin maganinta, suna tara ruwa a jiki. In aka haɗa ɗayansu da maganin tansiyo irin captopril, enalapril, lisinopril ko losartan, aka kuma ƙara da maganin sa fitsari irin furosemide ko hydrochlorothiazide, to an haɗa uku da ke iya tsayar da ƙoda cikin ƴan kwanaki, balle a bazara da gumi ke zuba. In kuma aka haɗa su da aspirin, ko Sintrom mai tsinka jini, ko prednisolone da dexamethasone, ciki ne ke iya fashewa da jini. Alamarsa kashi baƙi ƙirin mai ɗanko da wari. Ni a ganina in ka cire wannan ƙwaya kaɗai daga aljihun tsoho ka yi rabin aikin. Kada dai ka cire ka bar shi da ciwonsa, domin gobe zai aiki yaro ya sayo. A ba shi paracetamol a kan lokaci, man shafawa a gwiwar, gashi da ruwan ɗumi, sanda, da kujerar salla.

Na biyu, maganin sukari. Glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, yana daɗewa a jikin tsoho, kuma in bai ci abinci ba sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Bactrim, ciprofloxacin da kinin duk suna ƙara wannan hatsarin. Ka ga tsoho ya kama zazzaɓi, ba ya cin abinci, an ba shi kinin, yana kuma ci gaba da Daonil: cikin dare sai gumi, karkarwa, sambatu, a ce iska ce ko gigin tsufa. In yana shan atenolol na tansiyo ma, bugun zuciyar da ke gargaɗi ba zai ji shi ba, gumi kaɗai za ka gani.

Na uku, masu sa barci. Tramol, diazepam, siron tari mai codeine, Phenergan, da ƙwayar mura mai chlorpheniramine. Kowanne shi kaɗai na sa tsoho jiri da ruɗewa. Biyu tare na iya danne numfashi, ko su kayar da shi a hanyar ban ɗaki da dare, ƙugu ya karye. Tsohon da ya karye a ƙugu ba kowanne ke sake tashi ba. Maganin mura na da wata illar ga dattijo mai kumburin mafitsara: yana iya ɗaure fitsari gaba ɗaya, sai an sa roba. Mai pseudoephedrine a ciki kuma tansiyo yake tayarwa.

Na huɗu, Sintrom da ɗan'uwansa warfarin, masu tsinka jini. Waɗannan ba su da aboki. Flagyl, Bactrim da yawancin magungunan kashe ƙwayar cuta na ƙara musu ƙarfi har jini ya riƙa fita ta dasashi, hanci ko fitsari. Rifampicin na tarin fuka kuma rage musu ƙarfi yake, kamar yadda yake rage na wasu magungunan tansiyo da sukari. Mai shan Sintrom kada ya haɗiyi sabon abu sai wanda ya ba shi ya san yana sha, kuma kada ya tsallake awon jinin da ake kira INR.

Bactrim kuma in ya haɗu da captopril da danginsa, ko spironolactone, yana tara fotasiyam a jini, wanda ke iya rikita bugun zuciya. Digoxin na ciwon zuciya da furosemide likita kan haɗa su da gangan, amma in ka ga tashin zuciya, ƙin abinci, ko tsohon ya ce yana ganin komai rawaya-rawaya, a koma asibiti ranar.

Akwai wanda ba a faɗa gaban ƴaƴa: maganin ƙarfin maza. Sildenafil, da garin da ake sayarwa a ce na gargajiya ne alhali wani lokaci an zuba shi a ciki, in ya haɗu da maganin ciwon ƙirji irin Risordan ko trinitrine, tansiyo na iya faɗuwa nan take har a rasa rai. Wannan maganar ka bar wa aminin Baba ko likita namiji.

Sai ka lura da maganin da aka ba da don gyara ɓarnar wani magani. Captopril na sa busasshen tari, sai a yi ta sayen siro. Amlodipine na kumbura ƙafa, sai a ƙaro Lasilix. Duk sabuwar damuwar da ta bayyana bayan fara sabon magani, maganin za a fara tuhuma. Amfanin rubuta “tun yaushe” a kaye ke nan.

6. Abinci da na gargajiya

Fura da nono su ne abincin yawancin tsofaffinmu, to ciprofloxacin da doxycycline ba sa shiga jini sosai in sun tarar da nono, madara, ƙwayar ƙarin jini ko maganin ƙwannafi irin Maalox. A sha ƙwayar awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem shi akasin haka ne, madara ko abinci mai maiƙo yake so. Ƙwayar ƙarin jini kada ta bi shayi, yana hana ta aiki.

Kanwa ƴar'uwar gishiri ce, mai tansiyo da mai ciwon zuciya su rage kunun kanwa da jiƙa ta don ciwon ciki. Goro da shayi mai kauri na tayar da bugun zuciya su hana barci, daga nan a nemi ƙwayar barci. Zoɓo na ɗan saukar da tansiyo, kofi ɗaya ba laifi, amma shan sa a matsayin magani safe da yamma bisa ƙwayar asibiti sai da awo. Haka garin zogale ga mai maganin sukari. Filasko da sauran masu wanke ciki na zubar da ruwa da fotasiyam, hatsari ne ga mai furosemide ko digoxin. Mai Sintrom ba a hana shi miyar ganye ba, abin da ake so kada ya yi wata bai ci ba sannan ya yi mako yana kwaɗon zogale kullum. Ya riƙe ci iri ɗaya.

Ba na cewa tsoho ya zubar da jiƙonsa, domin na san ba zai yi ba, ƙarya kawai zai koya yi mini. Abin da nake roƙo uku ne: a rubuta shi a kaye, kada a sha shi lokaci ɗaya da ƙwaya, kuma kada a ajiye ƙwayar tansiyo ko sukari saboda shi.

7. Kai jakar a duba

Ɗauki jakar gaba ɗaya da kayen, ba takarda kaɗai ba. Wanda ya fi cancanta shi ne likitan da ke bin tsohon. In layi ya yi tsawo ko kuna ƙauye wajen Mirya, Matamai ko Magarya, majon CSI ya isa farawa. A farmasi kuwa ka nemi mai farmasin da kansa, ka zo lokacin da babu cunkoso. Tambayoyin: Wanne ne har yanzu ake buƙata? Wanne za a iya ajiyewa? Akwai masu karo? Yaushe aka auna ƙodarsa? Awon da ake kira kiriyatinin ya kamata mai tansiyo ko sukari ya yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara. In kuɗi ya yi kaɗan ka faɗa ƙiri-ƙiri, ka nemi a rubuta da ƙaramin suna, ka gwada farmasin gwamnati na ONPPC. Ya fi ka sayi rabin ordonas ka zaɓi na bari da ka.

Gargaɗi mai nauyi: akwai magungunan da ba a yankewa rana ɗaya in an daɗe ana sha. Atenolol, prednisolone, dexamethasone, diazepam, Gardénal na farfaɗiya da tramol na cikinsu. A hankali ake janye su, da lissafin likita. Ko da daga hannun mai talla tsohon ya saba saye, kada ka ƙwace yau.

Daga nan ku tsaya kan farmasi ɗaya, kuma duk inda za a kai shi, ko wurin likitan ido ko na haƙori, kayen na gaba.

8. Rabon kullum

Mutum ɗaya ke rabawa, da mataimaki ɗaya da ya san tsarin. Gida mai mata biyu da ƴaƴa goma, in kowa na ba Baba magani don neman albarka, sau biyu zai sha.

Ɗaura lokutan a kan salla, ya fi agogo zama a kai: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Zana rana mai fitowa a gwangwani na farko, cikakkiyar rana a na biyu, wata a na uku. Kowane dare ka zuba na gobe. Kada ka ɓare ƙwaya daga katinta, yanka katin da almakashi ka sa ta da rigarta, domin iska da zafi na lalata ta. Ka bar ɓangaren da ke da suna da kwanan wata har ƙarshe. Bayan ya sha, ja ƴar alama a kaye. Furosemide da safe ake sha, in ba haka ba zai kwana zaryar ban ɗaki. Metformin, maganin sukari, a tsakiyar abinci. Kowace ƙwaya da cikakken kofin ruwa, a zaune, ba a kwance ba.

In an manta, aka tuna da wuri, a sha. In lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce. Ba a ramuwa da biyu. In haɗiya na yi masa wuya kada ka daka kafin ka duba kwalin. Mai LP ko LM bayan sunansa, kamar Adalate LP ko Diamicron LM, an yi shi ne ya riƙa narkewa sannu a hankali, in ka daka ka ba shi na wuni guda a lokaci ɗaya. Nemi a canza masa wani.

Koya masa tashi daki-daki, musamman da asuba: ya zauna bakin gado, ya motsa ƙafafu, ya yi addu'arsa, sannan ya miƙe. In kana da na'ura, auna shi a zaune, ka sake bayan ya yi minti 1 zuwa 3 a tsaye. In lambar sama ta sauka da 2, kamar daga 14 zuwa 12, wato daga 140 zuwa 120 a jikin na'urar, ko ya ji duhu-duhu, ka gaya wa likita.

9. Ajiya

Yawancin kwalaye na cewa kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Kada a ajiye a taga, ko kusa da rufin kwano, ko madafa, ko aljihun mota. Ɗakin ƙasa mafi sanyi, kusa da randa amma ba inda danshi zai taɓa ba, a cikin abin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Insulin da ba a buɗe ba firigo yake so, amma ba wurin ƙanƙara ba, in ya daskare ya mutu. In babu firigo ko kuran na yawan ɗaukewa, sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ƙulle insulin a leda ka sa a ƙaramar, rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa mai iska. Wanda aka fara amfani da shi kamar mako 4 yake yi, rubuta ranar buɗewa a jikinsa.

10. Ranar ciwo da watan azumi

Gudawa, amai, ko zazzaɓin da ya hana ci da sha na sauya lissafi duka. A irin wannan ranar metformin, Daonil, maganin sa fitsari, captopril da danginsa na iya zama illa. Fara ba shi ruwan gishiri da sukari na sashe, wato ƴar ledar da ake saye a farmasi, ka kira likita ko majo ranar, ka tambaya wanne za a ɗaga wa ƙafa har ya warware. Mai insulin kuwa kada a yanke masa da ka, a auna a tambaya. Zazzaɓi kuma a yi gwajin jini kafin a sha maganin sauro, ba kowane zafin jiki ne nasa ba.

Azumi tun watan Sha'aban ake shirya shi. Kai kayen a sake tsara lokutan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ka tara na wuni duka ka ba shi da magariba. Mai ciwon sukari ya auna da rana, awon ba ya karya azumi. In ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura 3 a ma'aunin giram, wato 70 da 300 a ɗaya ma'aunin, ya karya azumin. Dattijo zai yi gardama, na sani. Kada ka ja da shi, kawo malamin da yake jin maganarsa ya tuna masa rangwamen da ke cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185.

11. Abin da ba ya jiran safiya

Baƙin kashi ko aman jini. Jinin da ya ƙi tsayawa. Fitsari ya ɗauke ko ya ragu ƙwarai. Kumburin leɓe, harshe ko fuska, wanda captopril da danginsa kan jawo ko bayan an daɗe ana sha. Ƙuraje masu ɗurar ruwa da gyambon baki bayan fara sabon magani, musamman Bactrim. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, barcin da ba a iya tayar da shi, suma, ko faɗuwar da kai ya bugu ga mai shan Sintrom ko aspirin, ko da ya tashi ya ce lafiya lau.

In mai ciwon sukari ya kama gumi da karkarwa kuma yana iya haɗiya, narka ƙwayar sukari 3 a ruwa ka ba shi, in bai dawo daidai ba bayan minti 15 ka ƙara, sannan ya ci abinci. Ko ya warware a kai shi asibiti in Daonil yake sha, domin sukarin na sake faɗuwa bayan awanni. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Kwantar da shi a gefe, shafa ɗan zuma a cikin kumatunsa, a nemi mota, ba kabu-kabu ba. Wani ya riƙe shi, wani ya ɗauko jakar da kayen, kuma da isarku ka faɗa wa ma'aikacin farko da ka gani abin da ya sha na ƙarshe da lokacin da ya sha shi.